Gasa jelar lobsta da bota mai haɗi: ina tauri da ɗaci suke fitowa?

Tambaya: Na sayi daskararriyar jelar lobsta (babban dangin jatan lande na teku) guda huɗu a babban kanti, na shafe su da bota da tafarnuwa na ɗora a kan gawayi. Wuta ta yi ta tashi, tafarnuwar ta yi ɗaci, naman kuma ya yi tauri ya manne a ɓawo. Ina kuskuren yake? Sannan akwai wani iri mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, da nake gani a wajen masu kifin teku. Shi ma haka ake gasa shi?

Amsa: 'Yar'uwa, matsalolin nan uku tushensu ɗaya ne. Kin sa bota tun farko, kin kifa naman a kan wuta da botar a jikinsa, sannan kin bar shi ya daɗe. Bota ta narke ta ɗiga a garwashi, wuta ta kama, harshen wutar ya ƙone tafarnuwa, ke kuma kina jiran ya yi ja irin na gasasshen nama har ya wuce lokacinsa. Naman lobsta kusan ba shi da kitse, kuma ba shi da jijiyar nan da ke sa naman shanu ya buƙaci dogon gashi kafin ya yi laushi. Da ɗanyensa ma yana da taushi. Abin da wuta take yi masa kawai shi ne ta kama shi ya daskare, kuma tsakanin ya nuna da ya wuce bai fi minti biyu ba. A digiri 60 na ma'aunin Salshiyas ya gama. Da ya kai 70 zaren naman ya tsuke, ya matse ruwan jikinsa waje, babu botar da za ta dawo da shi.

Saboda haka dokar gashin ita ce: ɓawon shi ne kaskon. Mafi yawan lokacin gashi ɓawo ne yake kallon wuta, naman yana sama yana shan bota. Fuskar naman tana taɓa raga sau ɗaya tak, a farko, na ɗan lokaci, kuma ba tare da bota ba.

Amma kafin wuta, akwai abin da yake ɓata gashi tun daga kanti. Lobsta yana saurin lalacewa fiye da yawancin kifi, domin da zarar ya mutu sinadaran narkar da abinci da ke cikin kansa suna fara cin naman jelar. Shi ya sa ake sayar da shi ko dai da rai, ko an cire jelar an daskarar nan take. Wanda yake nesa da teku, kamar a Kano ko Abuja ko Yamai, daskararriyar jela ta fi masa aminci a kan wadda aka shimfiɗa a kan ƙanƙara aka ce masa sabuwa ce. Ki duba ledar da kyau. Idan kin ga ƙanƙara ta taru a gindin leda kamar ruwa ne ya kwanta ya sake daskarewa, to kayan ya taɓa narkewa, wataƙila wuta aka ɗauke a wani wuri a hanya. Idan gefen naman ya yi fari ya bushe, ko ya yi rawaya, ki bar shi. Ɗigon baƙi a gaɓoɓin ɓawo ba guba ba ne, amma alama ce ta kayan ya jima kafin a daskarar. Bayan ya narke ki shinshina. Ƙanshin ruwan teku ya kamata ki ji. In kin ji wani wari mai hawa hanci kamar na fitsari, amoniya ce, naman ya fara ruɓa, kuma gashi ba ya gyara shi.

Narkar da shi a firji, cikin kwano a rufe, daga dare zuwa washegari. In kina sauri, ki sa shi a leda marar huda ki nutsa a ruwan sanyi na minti 30 zuwa awa ɗaya, kina canza ruwan. Kada ki yi amfani da ruwan zafi, kada kuma ki ɗora shi a wuta da sauran ƙanƙara a tsakiya. Wannan yana daga cikin manyan dalilan da nama yake mannewa a ɓawo: waje ya bushe, ciki bai ko ɗumama ba.

Mai faɗin nan da kika tambaya dangi ne na daban. Ba shi da manyan hannuwa masu datsa irin na lobstan Kanada da arewacin Amurka, ba shi kuma da dogayen ƙahonni da ƙayoyi irin na wanda ake kamawa a gabar Senegal da Gana da Kamaru. A maimakon haka yana da faffaɗan faifai biyu a gaban kai, yana zaune a ƙasan teku, wasu irinsa suna binne kansu cikin yashi da laka. A ƙasashen Larabawa na bakin Tekun Fasha sunansa ummu rubyan, a Ostireliya kuma iri biyu ne suka shahara, na Moreton Bay da na Balmain. Ana bambanta su da ido: na Moreton Bay idanunsa suna can gefen kai, na Balmain suna kusa da tsakiya. Na Balmain wani lokaci yakan zo da wani ɗan wari mai kama da tafarnuwa daga halittarsa. Duk naman yana cikin jela, kuma bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ba, don haka ki lissafa biyu ko uku ga mutum ɗaya. Namansa ya fi siriri, ya fi zaƙi a ganina, kuma ya fi saurin wucewa a wuta. Idan kin ga mace ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin jela, kada ki saya. A ƙasashe da dama doka ta hana kama irinta.

Wasu kan tsaya a kan halaccinsa. A mazhabar Malikiyya, da Shafi'iyya da Hanbaliyya ma, ana cin sa, bisa aya ta 96 a Suratul Ma'ida da ta halatta abin da aka kamo a teku. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi. Abin da ya fi kamata a kula da shi a gidajen abinci na waje shi ne sau da yawa ana zuba giya a cikin botar. A gida ruwan lemun tsami yana yin aikin. Kuma duk wanda jatan lande ko kirafish ke sa masa borin jini, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, kada ya kusanci lobsta, domin furotin ɗin da ke jawo abin iri ɗaya ne, kuma gashi ba ya kashe shi.

Yanzu yanka. Ga jela, ki ɗauki almakashin kicin mai ƙarfi ki bi tsakiyar ɓawon baya daga wajen da aka cire kai har zuwa fiffiken ƙarshe. Sai ki sa babbar wuƙa a cikin tsagar ki danna ta raba jelar gida biyu. Ki riƙe da tsumma, domin gefen ɓawon yana da ƙaya mai yanka hannu. Ga mai faɗin, ki kwantar da shi a katako, ki kafa bakin wuƙa a mahaɗar kai da jela, ki danna ta bi jelar, sannan ki juya shi ki raba kan. A cikin kai za ki ga wani abu mai laushi, ruwan ƙasa ko rawaya. Ki kwashe shi da cokali ki ɗauraye ramin kan kaɗai, don yashi yakan maƙale a nan. A tsawon naman jela akwai wani siririn zare, wani lokaci baƙi, wani lokaci kusan fari. Hanjinsa ne, ki zare shi. In da rai kika sayo shi, ki sa shi a firiza na minti 20 zuwa 30 har ya daina motsi, sannan ki raba shi da sara ɗaya ta tsakiyar kai. Ya fi tausayi, kuma ya fi sauƙin riƙewa.

Abu biyu ƙanana da suke canza sakamako. Na farko, ki zura ɗan yatsa tsakanin nama da ɓawo ki saki naman, ki bar shi a maƙale ta wajen fiffike kawai, ki mayar da shi mazauninsa. Bota za ta samu hanyar shiga ƙarƙashi, kuma a faranti zai fito da cokali mai yatsu ba kokawa. Na biyu, ki tsane fuskar naman da takardar kicin ko tsumma mai tsabta har ta bushe. Jiƙaƙƙen nama ba ya gasuwa, turara yake yi, kuma shi ne yake kama raga. Wasu daskararrun jelolin an jiƙa su da sinadarin riƙe ruwa don su ƙara nauyi, irinsu sai kin tsane sau biyu. Idan jelar babba ce, ki soke tsinken tsire a tsawonta don kada ta nannaɗe. Salon nan da ake gani a hotuna, inda ake ɗaga naman a ɗora shi a bayan ɓawo, na oben ne. A kan gawayi naman zai yi nesa da zafi ta sama, ɓawon kuma ya ƙone ta ƙasa.

Maganar bota tana buƙatar a tsaya a kanta, don abin da yawancinmu muke kira bota, irin su Blue Band, man tsirrai ne da aka haɗa da ruwa. Yana fantsama a wuta, kuma ɗanɗanonsa ba ya tafiya da naman teku. Ki nemi bota ta ainihi da aka yi da madarar shanu, wadda babu gishiri in akwai. Ita kusan kashi 80 cikin 100 mai ce, sauran ruwa ne da ɗan burbushin madara. Wannan burbushin shi ne yake ba ta daɗi, shi ne kuma yake ƙonewa da zafi ya wuce kusan digiri 150. Soyayyen man shanu namu, wanda aka dafa aka tace, ya rabu da burbushin, don haka yana jure zafi har sama da digiri 200. Sai ki raba musu aiki: soyayyen man shanu ko man gyaɗa na shafa fuskar naman kafin ta taɓa raga, bota mai haɗi kuma bayan an juya. Man shanun da aka soya da albasa yana da ƙarfin ƙanshi, zai iya danne zaƙin lobsta. In shi kike so a cikin haɗin, ki sa kashi ɗaya nasa, kashi uku na bota.

Ga jela huɗu masu nauyin giram 170 zuwa 200 kowacce, ko mai faɗi guda shida, bota giram 100 ta isa. Ki fito da ita ta yi laushi, ba ta narke ba. Ki goge ƙwayar tafarnuwa uku su yi laushi sosai. Ki ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu na botar ki narkar a ƙaramar wuta, ki zuba tafarnuwar ta yi minti biyu tana ɗan tsuwa ba tare da ta canza launi ba, ki sauke ta huce. Dalili shi ne minti biyar na gashi ba ya isa ya dafa ɗanyar tafarnuwa. Ko dai ta fito da yajinta na ɗanye, ko ta ƙone. Ki haɗa da sauran botar, ki kankaro koren bayan lemun tsami ɗaya ba tare da farin ba, don farin ɗaci ne da shi. Ki ƙara rabin ƙaramin cokali na gishiri, ɗan masoro, kwata na attarugu da aka cire 'ya'yan aka yanka ƙanana, da babban cokali biyu na yankakken lawashi ko ganyen koriyanda. Ruwan lemun tsami babban cokali ɗaya ki zuba shi kaɗan-kaɗan kina bugawa, in kika juye gaba ɗaya zai ware ya kwanta a gefe. Ki raba botar gida biyu tun kafin ki fara: rabi na kan wuta, rabi na kan faranti, don buroshin da ya taɓa ɗanyen nama bai kamata ya koma cikin wadda za a ci ba.

Kina iya canza haɗin. Ganyen ɗaiɗoya kaɗan yana tafiya da shi, amma kaɗan ɗin, ganye huɗu ko biyar. Citta ma tana yi, sai dai ɗanyar citta tana da sinadarin da ke narkar da nama, irin na gwanda da abarba, don haka a cikin bota za ta shiga, ba a jiƙa naman da ita ba. Haka lemun tsami: idan naman ya zauna cikinsa fiye da minti 15 yana fara dafuwa, ya yi fari, ya fito daga wuta a bushe. Lobsta ba ya buƙatar a jiƙa shi da komai. Yajin ƙuli yana ƙonewa da wuri, in ana so sai a barbaɗa bayan an sauke. Dunƙulen magi kuwa ban ga amfaninsa a nan ba. Kin biya kuɗi mai yawa don wani zaƙi na musamman, shi kuma zai mayar da shi ɗanɗanon kowace miya.

Wuta ta zama ta garwashi, ba ta harshe ba. Ki hura gawayi ki jira minti 20 zuwa 30 har ya lulluɓe da farar toka. In da kananzir aka kunna, a tabbata warinsa ya tafi sarai, domin farin nama da bota suna ɗaukar wari nan da nan. Ki tara garwashin a gefe ɗaya, ɗaya gefen ki bar shi da kaɗan, don ki samu wurin gudu idan wuta ta tashi. Raga ta kasance kamar santimita 10 zuwa 12 daga garwashi. Ki ɗora tafin hannu a saitin raga: in kin iya jure daƙiƙa uku zuwa huɗu kawai, gefen zafi ya yi, gefen sanyi kuma daƙiƙa shida ko bakwai. Ki kankare ragar, ki bari ta yi zafi, ki goge ta da tsumma mai ɗan mai.

Ki shafa wa fuskar naman mai kaɗan da ɗan gishiri, ki kifa a gefen zafi. Jela mai giram 170 zuwa 200 minti biyu, mai faɗi minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kada ki taɓa shi a wannan lokacin. In kika ja kika ji ya kama, ki ba shi daƙiƙa 20, zai saki da kansa. Sai ki juya shi ɓawo ƙasa, ki matsar da shi wajen matsakaicin zafi, ki ɗora kamar rabin babban cokali na bota a kan kowane ɓari. Ki gyara zamansa don kada ya karkace botar ta zube. Dunƙulen takardar foyil a ƙarƙashin gefe ɗaya yana taimakawa. Daga nan jelar tana buƙatar minti huɗu zuwa biyar, mai faɗi uku zuwa huɗu. Za ki ga bota tana tafasa a bakin ɓawo, ruwan naman yana haɗuwa da ita a ramin kai. Ki riƙa ɗiba da cokali kina mayarwa a kan naman. Babbar jela mai giram 300 ko fiye ki kai ta gefen sanyi ki kifa mata kwanon ƙarfe ko murfin tukunya, ta yi minti bakwai zuwa tara, don zafi ya kewaye ta. Bayan an sa bota ba a sake kifa naman. In wuta ta tashi, ki janye shi gefe har ta mutu, kada ki yayyafa ruwa, toka ce za ta tashi ta zauna a kan abincin.

Jan ɓawo ba shaida ba ne. Launin yana fitowa da zarar zafi ya taɓa shi, tun naman yana ɗanye. Abin dubawa shi ne naman a wajen da ya fi kauri, wato ɓangaren da ke kusa da kai. Ɗanyensa garai-garai yake, mai ɗan toka-toka. Nunanne fari ne sol, in kin danna yana ɗan turo yatsa. Ki ɗan buɗa da bakin wuƙa: idan saura ɗan ɗigon haske a can tsakiya, sauke shi, zafin ɓawo zai ƙarasa. Mai ma'aunin zafi ya sauke a 58 zuwa 60. A cikin minti biyu ko uku na hutawa zai hau zuwa kusan 63, wanda shi ne adadin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka take ba da shawara ga naman teku. Ga mai juna biyu, tsoho ko marar lafiya, a tabbata ya kai 63 ɗin. Idan kin ga naman ya janye sosai daga ɓawo, wani farin abu kamar kindirmo yana tsattsafowa da yawa, ya fara wucewa, ki sauke nan take.

Akwai wata matsala da ake ɗora wa mai gashi alhali ba laifinsa ba ne: naman ya fito lugub, yana marmashewa. Wannan yawanci daga kayan ne, lobstan ya jima a mace kafin a cire jelar, ko ya narke an sake daskarar da shi. Wuta mai sanyi ƙwarai ma tana jawo shi, domin naman yana daɗewa a ɗumin da sinadaran narkewar suka fi aiki. Shi ya sa ba a yi masa gashin a-hankali-a-hankali irin na balangu.

In babu gawayi, wutar sama ta oben tana yi. Ki jera su a tire naman yana sama, da botar tun farko tunda babu inda za ta ɗiga, santimita 12 zuwa 15 daga wutar, minti shida zuwa takwas ga matsakaiciyar jela. Ganyen haɗin zai iya yin baƙi a nan, don haka ki ajiye shi sai an fito.

Da kin sauke, ki ɗora sauran botar ta narke a kai, ki matsa lemun tsami, a ci da zafinsa da farar shinkafa, gasasshiyar ayaba ko burodi mai shan botar. Abin da ya rage ya shiga firji cikin awa biyu, ko awa ɗaya in ana tsananin zafi, a cinye washegari. A ɗumama shi cikin bota a ƙaramar wuta na minti ɗaya ko biyu kawai. Ɓawon da kawunan kada a zubar. Ki farfasa su, ki soya da albasa da ɗan tumatir, ki zuba ruwa lita ɗaya su dahu minti 30, ki tace da rariya mai laushi saboda yashi. Romon yana yin dafa-duka mai kyau, kuma yana ajiyuwa a firiza har wata biyu.